Kalangun Fatar Akuya da Na Sa Aka Haɗa Mini a Maradi

Kalangun da na sa wani dattijo mai haɗa ganguna ya yi mini a nan Maradi ya ci damina ɗaya da hunturu ɗaya a hannuna, saboda haka ina ganin na isa in faɗi abin da na samu gare shi. Muryarsa ta biya kuɗin da na bayar, amma akwai wurare biyu da aikin bai cika ba, kuma ya kamata mai niyyar saye ya san su tun kafin ya ba da kafin alƙalami.

An sassaƙa icen da kyau: bakuna biyu masu faɗi, ƙugu siriri, ciki kuma an kankare shi sumul. Fatar ta ƙaramar akuya ce, kuma ba abin mamaki ba ne a samu mai kyau a garin da jar akuyarsa ta yi suna saboda ingancin fata. Da na ɗaga ta wajen rana sai na ga kaurinta ɗaya ne daga tsakiya har gefe, babu tabon wuƙar mai fiɗa. Wannan shi ne abu na farko da nake dubawa, domin fatar da aka yi wa rauni wajen fiɗa daga nan take fara tsagewa.

Inda kalangun ya fi burge ni shi ne tsarkiya. Ita ce ke haɗa fatar wannan baki da ta wancan, idan makaɗi ya matse ta a hammata fatun su ɗame murya ta hau, idan ya saki ta sauka. Da wannan hawa da sauka ne kalangu yake bin karin harshen Hausa har mai sauraro ya gane taken da ake kaɗawa ba tare da an buɗe baki ba, abin da ganga mai murya ɗaya ba za ta iya ba. Tsarkiyar wannan tana da laushi, ba sai na matse da ƙarfi ba take amsawa, kuma tana komawa mazauninta nan take. Na gwada taken mahauta, waɗanda tun asali kalangu kiɗansu ne, a gaban wani tsohon ɗan pawa na unguwarmu, kafin in kai ƙarshe ya riga ya ɗora kirarin. Ɗan danƙon da aka liƙa a tsakiyar fata ya ba muryar nauyi, ya kuma rage ƙarar da ke saura bayan bugu.

Aibi na farko yana ga maratayi, wanda aka yi shi da siririn ƙyalle mai cin kafaɗa, har sai da na kai wa baduku ya musanya shi da fata mai faɗi. Na biyu ya fi damuna: ɗinkin baki ɗaya ya fara saki a watan Agusta. Da na mayar, dattijon ya gyara bai karɓi ko dala ba, ya ce: “Ɗana, raɓa ce ta shige shi, kada ka ƙara kwantar da shi a ƙasa.” Na yarda da rabin maganar, domin ɗaya bakin ya sha raɓa iri ɗaya kuma bai motsa ba.

Sauran abin da ya rage halin fata ne, ba laifin mai haɗawa ba. Da damina takan yi sanyi murya ta dushe, sai an shanya kalangun ko an kara shi nesa kaɗan da garwashi kafin a fara kiɗa. Da hunturu kuwa takan bushe ta ɗame fiye da kima, bugu mai ƙarfi na iya fasa ta, kuma a zafin Afrilu danƙon yakan yi laushi ya goce. Gangunan kanti masu fuskar roba ba su da wannan wahala, shi ya sa wasu ƴan wasan biki suka koma musu, sai dai ba sa faɗin take.

Wanda zai yi odar irinsa ya nemi a ƙara masa fata guda ta ajiya, ya kuma ja ɗinkin bakunan biyu da yatsa a gaban mai haɗawa kafin ya cika kuɗi.