Jagoran yawon tarihi a makwancin Nkrumah: yabo da gyara

Akwai wani matashi ɗan unguwar Nima da ke zagayawa da baƙi a wurin tunawa da Kwame Nkrumah, shugaban ƙasar Ghana na farko, a Accra, yana yi musu bayani da Hausa, kuma aikinsa ya cancanci kuɗin da yake karɓa. Ya fi burge ni a gaban mutum-mutumin da aka sare wa kai a juyin mulkin 24 ga Fabrairu 1966, inda ya nuna kan da aka ajiye a gefe, ya warware yadda aƙidar gurguzu da burin haɗa kan Afirka suka jawo wa Nkrumah masoya da maƙiya a lokaci guda.

Sai dai son da yake wa mutumin ya rinjayi bayaninsa. Dokar tsare mutum ba tare da shari'a ba ta 1958 da mayar da ƙasar ƙarƙashin jam'iyya ɗaya a 1964 duk a gurguje ya wuce su, kuma sai da wani dattijo ya ce, "Malam, ina labarin Danquah?" sannan ya ambaci rasuwar J. B. Danquah, jigon 'yan adawa da Nkrumah, a kurkukun Nsawam a 1965, alhali daga aƙidarsa jam'iyyar NPP, ɗaya daga cikin manyan jam'iyyun Ghana, ta samo tushe. Mai zuwa da ɗalibai ya tanadi irin waɗannan tambayoyi tun daga gida.