Ɗaga tanki ko saka busta: wanne zai gyara ƙarfin ruwa lokacin ban ruwan fulawa?

Hajiya kin ce da zarar an jona tiyo ana ba ciyawa da fulawa ruwa sai shawa ta koma ɗiga-ɗiga, famfon kicin ma haka, wani ya ce ki ƙara wa tanki tsayi wani kuma ya ce busta za ki saya, wato injin da ke ƙara wa ruwa ƙarfi a fayif. Toh ga yadda suke.

Ɗaga tanki lissafinsa a fili yake, duk mita 10 na tsayi bar 1 kawai yake bayarwa na ƙarfin ruwa. Tankin da ke kan ƙarfe mita 5 kinga rabin bar kenan, shi ma a famfon ƙasa, shawar bene ko hakan ba ta samu. Abin feshin nan mai juyawa kuwa yawanci sai ya samu bar 2 zuwa 3 yake aiki sosai, wato sai tanki ya kai mita 20 sama ko fiye, wa zai yi wannan a gida? Ga nauyi, lita 2,000 in ta cika tan 2 ce, ki ɗora ta can sama ga iskar farkon damina, ni dai abin yana ba ni tsoro wallahi. Alherinsa shi ne ba ruwansa da wuta, ko an ɗauke wuta ruwa yana zuwa, kuma ba injin da zai lalace.

Busta ita kam nan take za ki ga bambanci, ƙarama mai ƙarfin rabin hos ko hos ɗaya (ma'aunin ƙarfin inji) ta ishi gida, shawa ta dawo da ƙarfinta feshi ya juya. Amma sai da wuta ko sola ko janareto, tana da ƙara, kuma in fayif ɗin gidan sun tsufa duk inda gam ya saki sai ya fara yoyo. Abin da ya fi damuna da ita shi ne mutane suna ɗauka tana ƙara ruwa, ba ta ƙarawa, turawa kawai take yi, tanki zai ƙare da wuri sai a riƙa kunna sumo (injin da ke cikin bohol yana turo ruwa tanki) ba hutu, kuma boholin da ke kan dutse irin na Kano da Zariya da Abuja daga Maris zuwa Mayu ruwansa ja da baya yake yi, sumo in ya yi ta juyi ba ruwa ƙonewa zai yi.

Kafin ki kashe kuɗi a ɗayansu ki sa mai gyaran famfo ya duba fayif ɗin da ya sauko daga tanki, sau da yawa rabin inci ne guda ɗaya gida da lambu suke rabawa. Inci ɗaya sararin da ruwa ke bi a cikinsa ya kai kusan ninki uku zuwa huɗu na rabin inci. A fitar wa lambu layinsa daban tun daga gindin tanki, a wanke filta in akwai.

In da tiyo ake ban ruwan, wannan kaɗai zai iya isarki, a riƙa yi da asuba kafin a fara wanka. In kuma feshi kike so dole, busta ce, amma a ɗora ta a layin lambu bayan tanki, kar a jona feshi kai tsaye da sumo, a kuma saka mata abin da ke kashe ta in tanki ya ƙare.