King, Emir, Chief: Duk "Sarki" Ne? Ina Kuma Leader da Ruler?

Malama, barka da war haka. Kin ce kina fassara wani labari daga Turanci sai kika ci karo da "king" da "emir" da "chief" a wuri guda, kuma duk ƙamus ɗin da kika buɗe "sarki" yake ba ki. Kika ƙara da cewa "leader" da "ruler" da "president" ma haka suke, kowanne "shugaba". Kina tambaya ko Hausa ce ta gaza. Ba ta gaza ba. Kowane harshe da inda yake sa wuƙarsa idan zai raba nama, kuma gaɓoɓin da Bature ya bi ba su ne namu ba.

Bari in fara da ukun farko, don a nan gizo ke saƙar.

"King" mai sarauta ne wanda babu wani a bisansa a ƙasarsa. "Emir" kuwa aro ne daga Larabci, amir, mai ba da umarni, kuma a tarihinmu yana nuna cewa akwai na sama da shi. Sarakunan Kano da Katsina da Zazzau da Bauchi na bayan jihadi tuta magabatansu suka karɓo daga Shehu Usmanu, kuma Sarkin Musulmi suke yi wa mubaya'a. Da Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato a 1903, kalmar ta yi musu daidai. A ganina ba don girmama Larabci suka riƙe ta ba. Suna da nasu "king" a Landan, Edward na bakwai, kuma ba za su kira wanda suke naɗawa suna tuɓewa da sunan da suke kiran ubangidansu ba.

"Chief" ita ce mai ƙaiƙayi. Da ita Turawa suka riƙa kiran kusan duk wani basarake a Afirka, babba da ƙarami. A Arewa sai suka keɓe ta musamman ga sarakunan al'ummomin da ba sa cikin tsarin daular Sakkwato, irin su Kagoro a kudancin Kaduna. Daga nan aka sami "emirate" da "chiefdom", waɗanda mu duk masarauta muke ce musu, da kuma "Emirs and Chiefs" da har yau ake gani a takardun gwamnati, mu kuwa mu ce majalisar sarakuna mu wuce. To kin ga a nan Hausa ta share wani bambanci da Turanci ya ƙirƙira, bambancin da ke ɗauke da addini da matsayi da tsohon ciwo. Wani lokaci sharewar alheri ce. Amma idan labarin da kike fassarawa a kan wannan bambancin yake, kamar rigimar wata al'umma da ke neman a cire ta daga ƙarƙashin wani sarki a ba ta nata, to "sarki" kaɗai ba zai ishe ki ba, sai kin yi bayani. Inda kuma mutane ke da sunan sarautarsu, ki bar musu abinsu: Tor Tiv, Attah Igala, Aku Uka na Wukari, Etsu Nupe, Shehun Borno, Lamiɗon Adamawa.

Don ki ga yadda sunan ya danganta da wanda ya yi mulkin mallaka, ki leƙa Nijar. Sarkin Damagaram da na Agadas "sultan" ne a takardun Faransanci, alhali a Najeriya Sarkin Musulmi kaɗai Turanci ya ba wannan suna. Bahaushen Zindar da na Kano duk "sarki" suke faɗa. Haka ma a ƙasashen Larabawa: mai mulkin Bahrain, Hamad bin Isa, "emir" ne har zuwa 2002, lokacin da ya mayar da kansa "king". A Turanci babban labari ne. A Hausa sarki ne jiya, sarki ne yau.

Sai dai kada ki ɗauka "sarki" ta tsaya a kan waɗannan uku. Ta fi su faɗi nesa ba kusa ba. Muna da sarkin pawa, sarkin aska, sarkin maƙera, sarkin ruwa, sarkin noma, sarkin tasha. Akwai Sarkin Zango a Kumasi da Sarkin Hausawan Agege a Legas. A fadar Kano, Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta hakimai ne, suna cikin masu zaɓen sarki tare da Madaki da Makama. Duk wanda ya juya sarkin pawa zuwa "king of butchers" ya ba Bature dariya. Mu kuma da muke son nuna wane ne babba muna da hanyarmu: sarkin yanka, sarki mai sanda mai daraja ta ɗaya, sannan hakimi, dagaci, mai unguwa.

Wani tarko kuma: "Chief" a gaban sunan mutum, kamar Obafemi Awolowo, laƙabin girmamawa ne na masu riƙe da sarautar gargajiya a Kudu, ba ya nufin mutumin na mulkin wani gari. Shi ya sa jaridunmu ke rubuta Cif kawai. A ofis kuwa "babba" take nufi: babban limami, babban hafsan soja, alƙalin alƙalai.

Yanzu ga rukuni na biyu.

"Leader" wanda ake bi ne. "Ruler" wanda ke da iko ne, ko ana so ko ba a so. Abin sha'awa, "ruler" ɗin nan ita ce dai rular da ɗalibi ke ja layi da ita, tushensu ɗaya a Latin, sandar da ake miƙe abu da ita. Mafi kusa da "leader" a Hausa ita ce jagora, kuma hoton da ke cikinta ya fi na Turancin kyau: mai jan gora, wanda ke riƙe da sandar makaho yana gaba. "Ruler" kuma mai mulki. Malam Aminu Kano bai taɓa mulkin Najeriya ko Jihar Kano ba, amma wa zai ce ba jagoran talakawa ba ne? Marubucin Turanci yakan zaɓi tsakanin biyun da gangan. Idan ya ce "military ruler", ya riga ya gaya miki cewa ba zaɓen mutumin aka yi ba. Kika ce "shugaba" kawai, kin wanke shi ba tare da ya roƙe ki ba. Ki ce shugaban mulkin soja. Idan "dictator" aka rubuta, mai mulkin kama-karya.

"President" sunan kujera ne, ba hali ba, kuma nauyin kujerar yana sauyawa. Nnamdi Azikiwe ya zama "President" a 1963, amma gwamnati na hannun Firaminista Abubakar Tafawa Ɓalewa. Shehu Shagari a 1979 shi ne na farko da ya haɗa suna da iko, shi ya sa ake cewa shugaban ƙasa mai cikakken iko. Gowon da Murtala da Obasanjo a zamanin soja da Buhari na 1983 duk "Head of State" aka kira su. Babangida ne ya zo a 1985 ya ce shi "President" ne, yana sanye da kaki. Duk wannan dambarwa Hausa ta dunƙule ta cikin "shugaban ƙasa", saboda haka mai fassara ne zai warware inda ya kamata.

Gidajen rediyon Hausa sun yi dabara a wasu wuraren. Angela Merkel, wadda ta riƙe Jamus daga 2005 zuwa 2021, "Chancellor" ce, sai suka kira ta shugabar gwamnati, domin Jamus na da shugaban ƙasa daban. A Iran kuma, inda Khamenei ya gaji Khomeini a 1989, "Supreme Leader" jagoran addini ko jagoran juyin juya hali ake cewa, a bar wa zaɓaɓɓen "president" shugaban ƙasa.

"Chairman" mun riga mun haɗiye ta, ciyaman, musamman na ƙaramar hukuma da na jam'iyya. Wanda gwamna ya ɗora ba tare da zaɓe ba kantoma ne. "Boss" kuwa ba ruwanta da jagoranci, wanda ke biyan albashi ne ko ke iya korar mutum: oga a ofis da gareji, maigida a kasuwa. Ubangida a siyasa shi ne "godfather".

Tunda labarin naki ya taɓo gidan sarautar Ingila, ki kula da "queen". Elizabeth ta biyu, wadda aka yi wa hawan daba a Kaduna a 1956, sarauniya ce da gaske, ita ce a kan gado har rasuwarta a 2022, kamar yadda muke cewa Sarauniya Amina ta Zazzau. Camilla ma "queen" Turanci ke ce mata, amma mijinta ne mai sarautar. A fadojinmu ba a kiran matar sarki sarauniya. In ni ne, matar Sarki Charles zan rubuta.