Banki ko Takardar CFA: Wace Hanya Ta Fi Kai Mutum Kujerar Manya?

Tun da na dawo Damagaram hutu, yaran da suka gama jami'ar André Salifou ba su bar ni na sha shayi lafiya ba. Tambayarsu ɗaya: "Yaya, mu shiga banki mu hau a hankali, ko mu nemi CFA?"

Wannan CFA ba sefar aljihu ba ce fa. Takardar ƙwarewa ce a harkar kuɗi da zuba jari, ta wata cibiyar Amurka: jarrabawa hawa uku, duka da Ingilishi, sannan sai ka haɗa awa 4,000 na aiki cikin aƙalla wata 36. Da dalar Amurka ake biya, kuma faɗuwa ba abin mamaki ba ce. Wanda ya yi boko da Faransanci zai ji jiki tun kafin ya kai ga lissafin. Amma in ka samu, sunanka zai yi nauyi a Abijan, inda kasuwar hannun jari ta BRVM take, har ma Landan.

Banki kuwa ba ka biyan ko dala, albashi ma ake ba ka. Ka fara daga bincikar takardun bashin ɗan kasuwar Dole mai safarar wake zuwa Kano, ka san mai biya da mai zillewa. Wannan idon ba a littafi yake ba. Matsalar dai jinkiri, kuma manyan kujeru suna Yamai.

Mai iyali a wuya, mai son zama gida, banki ya fi masa. Saurayin da ke da Ingilishi, da mai tsaya masa, da niyyar ƙetare iyaka, ya gwada CFA.