Zama da lauya a Damagaram kan ɓarawon da ya hauro katanga: abin da muka biya da abin da muka samu

Duk wanda yake neman lauya a Damagaram domin ya ba shi shawara a kan maganar da ba ta kai gaban alƙali ba tukuna, sai ya yi da gaske, saboda galibin lauyoyin ƙasar nan a Yamai suke zaune, tafiyar kilomita wajen 900 daga nan, duk da cewa garinmu yana da babbar kotu da kuma kotun ɗaukaka ƙara. Ofishin da zan yi magana a kansa yana cikin ƴan kaɗan da ake iya samun lauyansu a zaune, kuma yana karɓar mutum ɗaya ko ƙungiya a kan kuɗin da aka yanke tun kafin zama. Mu masu gidaje na layinmu a Sabon Gari, tare da samarin da suke yi mana sintirin dare, muka haɗa jika ashirin na sefa muka nemi a fayyace mana tambaya guda: idan ɓarawo ya shigo gida, ina ne iyakar abin da doka ta yarda mai gida ya yi masa?

Tarbar ba ta da abin zargi sosai. Sakatariyar ta rubuta sunayenmu, ta karɓi kuɗin ta ba da rasit ba tare da an roƙa ba, sannan aka bar mu a ɗakin jira har kusan la'asar domin lauyan yana kotu. Da ya iso ya nemi gafara, ya kuma yi bayaninsa da Hausa tun daga farko har ƙarshe, sai inda ya karanto nassin doka da Faransanci kafin ya warware shi. Wannan kaɗai ya ɗaga darajar zaman a idona, domin rabin waɗanda muka je da su ba su yi lakwal ba.

Ya fara da tushe. Kundin hukunta laifuka na Nijar an kafa shi a 1961, aka yi masa babban gyara a 2003, kuma ƙa'idarsa a kan kare kai ya gaje ta ne daga kundin Faransa na 1810. Ƙa'idar ita ce babu laifi a kan wanda larurar kare kansa ko kare wani ta tilasta masa aikata abin da ya aikata a daidai lokacin da larurar take tsaye. Daga nan alƙali yake duba ko harin na zalunci ne, ko yana faruwa a lokacin ko yana gab da faruwa, da kuma ko martanin ya yi daidai da girman haɗarin. Wanda yaro ya tsinke masa lemo a bishiya ya sare shi da adda bai kare komai ba, laifi ya aikata.

Sashen da ya fi jan hankalin kowa shi ne bambancin dare da rana, wanda yawancinmu ba mu taɓa jin labarinsa ba. Idan da dare ne, kuma mai gida ya yi duka ko rauni, ko ma kisa, yana cikin korar wanda yake hawan katanga ko fasa ƙofar gidan da mutane suke kwana a ciki, ko abin da yake haɗe da gidan, doka tana lissafa wannan cikin kare kai tun daga farko. Haka take yi wa wanda ya kare kansa daga masu sata ko wawaso da suka zo da ƙarfi. Dalilin a bayyane yake: mutumin da aka tasa daga barci cikin duhu ba shi da hanyar sanin ko wanda ya diro tsakar gidansa akuya ya zo ɗauka ko rai, ko shi kaɗai ne ko akwai wasu a bayan katanga. Idan kuwa da rana ne aka yi hawan ko fasawar, doka ba ta wanke mai gida baki ɗaya a kan wannan dalili kaɗai, sai dai ta ba shi uzurin da yake rage hukunci, domin da rana ana gani, maƙwabta suna farke, kuma ihu ɗaya yana tara jama'a. Wani ɗan kasuwa a cikinmu ya tambaya game da shagonsa na Kasuwar Dole, lauyan ya ce masa kada ya ɗauki shagon da ba a kwana a ciki daidai da gida, domin barcin mutane ne dokar take tsarewa kafin kayansu.

Abin da na yaba shi ne bai bar mu mu tashi da tunanin cewa dare lasisin kisa ne ba. Ya kawo hukuncin kotun ƙoli ta Faransa na 1959, wanda ya nuna cewa wannan zaton kare kai da doka take yi wa mai gida da dare ana iya rushe shi da hujja, idan ta tabbata ya san wanda ya hauro ba sata ko kisa ne ya kawo shi ba. Misalan da ya ɗora a kai na gida ne: saurayin da ya hauro wajen budurwa, ko ɗan maƙwabci da ƙwaya ta ɗauke wa hankali ya kuskure ƙofa, kuma mai gida ya gane shi sarai kafin ya ɗaga hannu. A nan, in ji shi, fushi ne ya yi aiki ba tsoro ba, kuma alƙali ya san yadda zai bambance su daga shaidar maƙwabta da wurin da raunin yake a jiki.

Inda zaman ya yi zafi, kuma inda nake ganin kuɗinmu ya biya, shi ne maganar abin da yake faruwa bayan haɗari ya wuce. Kowa a garin nan ya san yadda ake yi: a yi ihun ɓarawo, unguwa ta fito da sanduna da gorori, a bi shi har a kama, a ɗaure shi a jikin bishiya ko turken wuta, sannan duk wanda aka taɓa yi wa sata a shekarar ya zo ya sauke haushinsa. Dattijon layinmu, wanda aka kwashe wa tumaki ana gab da Layya, ya kasa haƙuri ya ce: "Metir, ku gafarce ni, amma ai rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. In ranar tawa ta zo, sai ku ce in naɗe hannu?" Lauyan bai yi masa dariya ba, bai kuma lallashe shi da ƙarya ba. Ya ce: "Baba, ranarku tana nan, amma a gaban alƙali take. Ku kama shi, doka ta ba ku wannan. Ku riƙe shi har ƴan sanda su zo, ko ku kai shi komisariya. Amma daga lokacin da ya juya baya yana gudu, ko ya faɗi, ko igiya ta shiga hannunsa, duk sandar da ta sauka a kansa taku ce za ku amsa."

Ya bayyana cewa doka ta yarda kowane mutum ya cafke wanda aka kama yana tsakiyar aikata laifi irin wannan domin ya miƙa shi ga jami'in tsaro mafi kusa, amma ba ta ba kowa ikon hukunta shi ba. Idan ya mutu a hannun taro, ba a cewa jama'a ce ta kashe shi a rufe magana, sai a nemi waɗanda aka gani suna duka ɗaya bayan ɗaya, kuma a wannan zamani wayoyin da samari suke ɗaukar bidiyo da su su ne shaidun farko. Sau da yawa mai gidan da aka shiga, wanda shi ne aka zalunta, shi ake fara kira domin shi ya yi ihun. Ya kawo labarin manomin nan na Ingila, Tony Martin, wanda ya harbi ɓarayi biyu da suka shiga gidan gonarsa da dare a 1999, ɗaya daga cikinsu ɗan shekara 16 ya mutu da harbi a baya. An same shi da laifin kisan kai a 2000, kotun ɗaukaka ƙara ta sassauta laifin a 2001, amma bai tsira daga gidan kaso ba. Na ga amfanin misalin, domin samarinmu da yawa suna ganin bidiyoyin Amurka a Facebook suna zaton duk duniya mai gida yana harbi ya kwanta lafiya, alhali ko a can dokar tana bambanta daga jiha zuwa jiha, kuma babu ɗaya daga cikinsu da take aiki a Damagaram.

Ya ƙara da abin da ya ba mutane mamaki, wato cewa barin mutumin da ya ji rauni yana zubar da jini ba tare da an nema masa taimako ba laifi ne mai zaman kansa, ko da ɓarawo ne. Shawararsa ita ce a kira ƴan sanda a lamba 17, a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18 idan akwai mai rauni, kada a taɓa wuƙa ko ƙarfen da mutumin ya zo da shi, kada a share sawun da yake jikin katanga, kada kuma a gyara ƙofar da aka fasa kafin jami'ai su gani, domin waɗannan su ne za su yi wa mai gida magana.

Maganar tarko da bindiga ya bi ta kansu da sauri. Waya mai ɗauke da wutar lantarki da wasu suke jawowa daga mita su shimfiɗa a kan katanga ba ta san ɓarawo ba, ba ta san almajirin da ya hau neman ƙwallo ba, kuma mai gida ne zai amsa abin da ta yi. Bindiga kuwa sai da izinin hukuma, kuma wanda ya kare kansa da wadda ba ta da takarda yana iya tsira a maganar harbin ya faɗa a maganar mallakar makamin. Tun 1994 ƙasar nan take da hukuma ta musamman mai tattara makaman da suke hannun mutane ba bisa doka ba.

Wani malami da muka je da shi ya kawo hadisin da ya ce wanda aka kashe yana kare dukiyarsa ya yi shahada. Lauyan ya ce shi ba mai fatawa ba ne, ya dai tunatar cewa a Nijar al'ada tana shiga shari'ar aure da gado da gona, sarakuna kuma suna sasantawa a irin waɗannan, amma jini da rauni na kotun gwamnati ne, ko da an je fada an yafe wa juna. Na so a ce ya ɗan tsaya a nan, domin malaman Malikiyya da muke bi sun daɗe da cewa ana tunkuɗe mai kawo hari ne bayan an gargaɗe shi idan yana fahimtar gargaɗi, a fara da mafi sauƙi kafin mafi tsanani, kuma da an nuna wa dattawan cewa fiƙihun da suka sani da dokar ƙasa sun haɗu a wannan gaɓa, da maganar ta fi shiga kunnensu.

Ya kuma faɗa mana gaskiyar da ba ta da daɗi: ko da mai gida yana kan gaskiyarsa, idan an yi rauni mai tsanani ko an rasa rai, ya sa ran za a tsare shi domin bincike, tsarewar da take ɗaukar awa 48 kuma ana iya sabunta ta da izinin mai gabatar da ƙara. Ba ɗan sanda ne yake yanke cewa kare kai ne ba, aikin mahukuntan shari'a ne. Ya ce ƙa'idar 2014 ta UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da kuɗin sefa, ta ba wanda aka kama damar samun lauya tun daga lokacin kamun, don haka kada mutum ya sa hannu a takardar da ba a karanta masa da harshen da yake ji ba.

Nakasun hidimar suna nan, kuma ba ƙanana ba ne. Mun fito ba tare da ko shafi ɗaya a rubuce ba, alhali samarin da suke sintiri suna sauyawa, kuma abin da aka ji da kunne yana canza kama kafin ya kai mutum na uku. Da muka nema, sai aka ce rubutaccen ra'ayi yana da nasa kuɗin dabam, kuma da Faransanci ake yin sa. Tambayar da wani ya yi game da asuba, lokacin da an kira salla amma gari bai waye ba, wanda shi ne lokacin da ɓarayin dabbobi suka fi so tunda maza sun fita masallaci, an amsa ta a gurguje da cewa alƙali ne zai duba. Ba a ce komai ba game da matar da take gida ita kaɗai da ƴaƴa mijinta yana ci-rani a Agadas ko Kano, alhali gidaje irin wannan suna da yawa a unguwarmu, kuma auna ƙarfi tsakanin mace da ƙaton da ya diro mata ba daidai yake da na namiji mai sanda ba. Hukumar taimakon shari'a ta ƙasa, wadda dokar 2011 ta kafa domin marasa hali, sai da muka tambaya aka ambace ta.

Ga mutum ɗaya mai ƙaramin ƙarfi kuɗin yana da nauyi, amma ga layi ko ƙungiyar sintiri da za su raba shi tsakaninsu, ina ganin ya cancanta, musamman idan za a tafi da mai unguwa da shugaban samari, tunda su ne ake jin maganarsu a lokacin da taro ya rufe wanda aka kama. Wanda zai je ya rubuta tambayoyinsa tun daga gida, ya nemi a ba shi lokacin safe a ranar da lauyan ba shi da zaman kotu, ya kuma daidaita farashin rubutaccen bayani kafin ya biya na zama.