Takardun koyar da insha'in nan na lokacin kaka da na saya, ga yadda muka kwashe

Tun da aka koma makaranta a watan Satumba nake ganin tallar takardun nan a sitatus ɗin mai sayarwar, ba sai na kama suna ba, malaman firamare da yawa sun san ta kuma kun san kuɗin da take sa wa kayanta. Wai shafi 24 ne na koya wa yara rubutun siffantawa ta hanyar ido da kunne da hanci da harshe da fata, an ɗora shi a kan lokacin kaka. Ni kuma aji huɗu nake riƙewa kuma wallahi insha'insu ya ishe ni, ka ce yaro ya siffanta maka kasuwa sai ya rubuta "Kasuwa tana da kyau. Akwai mutane da yawa. Ina son kasuwa." shikenan ya ajiye biro yana kallonka. Kafin in tura kuɗi sai da na tambaye ta, Hajiya an gyara shi daidai da yaranmu na nan? Ta ce sosai ma Malama, ki saya ba za ki yi da-na-sani ba.

Da na buɗe PDF ɗin da daddare sai da na ce kai. Kakar Amurka ce tsaf, ko wasali ba a canza ba. Ganyen wata bishiya wai maple ya yi ja yana zuba, ga tuffa a kwando, ga kabewa an huda mata ido da baki irin wadda suke yi a bikinsu na 31 ga Oktoba, can ƙarshe har da talotalon bikin godiyarsu na Nuwamba. Shafi guda cur bayani ne a kan yadda ganye ke daina yin sinadarin da ke sa shi kore idan yini ya fara gajarta sanyi ya shigo, shi ya sa yake komawa rawaya da ja. Bayanin ya yi, ni kaina na ƙaru, amma yaron da darbejiyar ƙofar gidansu kore take shar shekara da shekaru me zai rubuta a kai?

Duk da haka na ce kuɗina ba zai tafi a banza ba. Na kai shagon kwamfuta, da yaron shagon ya faɗa min kuɗin bugawa mai kala na yara 37 sai na ce a'a ɗan nan, buga guda ɗaya ka yi min fotokwafin sauran. Kuskuren da na yi kenan. Shafin farko umarninsa shi ne a dubi hoto a siffanta launukan ganyen, toh fotokwafi ya fito ganyen duk sun zama baƙi ƙirin kamar an tsoma su a tawada. Ranar Talata na raba, aji ya yi tsit, sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce Malama gobara aka yi a dajin? Na bi su tebur tebur da wayata ina nuna musu hoton na ainihi, wani kuma ya ce ai ganye in ya yi ja haka bishiyar ba ta da lafiya ne, babansa ya ce tsutsa ce. Minti 35 ɗin darasin nan a wajen maple ya ƙare, ba wanda ya rubuta layi biyu. Na fito raina a ɓace, a zuciyata na riga na gama rubuta mata saƙon da zan tura.

Abin da ya sa ban yaga takardun ba shafi na 5 ne. Jadawali ne kawai mai gida biyar, na gani, na saurare, na shanshana, na ɗanɗana, na taɓa. Da nake fassara musu shi da baki sai na lura ashe mu da kalma ɗaya muke cinye gida huɗu: na ji ƙara, na ji ƙamshi, na ji zaƙi, na ji sanyi. Shi ya sa in ka ce wa yaro me ka ji sai ya ce ba komai. Dole sai ka tsaga masa, da hanci me ka ji, da tafin ƙafa me ka ji. Shekara nawa ina koyarwa ban taɓa tsayawa na yi wannan tunanin ba, gaskiya a nan na yaba wa wanda ya tsara abin, ko waye shi can ƙasarsu.

Ranar Alhamis na roƙi hedimasta ya bar ni in fita da su bayan katanga inda Baba maigadi yake da 'yar gonarsa. Ƙarshen Oktoba ne, an riga an girbe gero, dawa na tsaye ba a yanke ba, shi kuma yana cirar gyaɗa ya tara harawar wake a gefe. Na ce Baba ka yi haƙuri za mu dame ka, ya ce haba Malama ai jikokina ne, ya karya musu takanɗa ya ɗebo ɗanyar gyaɗa kowa ya samu. Na sa kowa ya rufe ido minti ɗaya kafin ya taɓa biro. Ku zo ku ga rubutu. Yaron da duk zangon nan bai taɓa cika layi uku ba ya rubuta cewa ganyen dawa ya bushe ƙamas, in iska ta taɓa shi yana ƙara kamar ana yayyafi a kan kwano. Wata ta ce ɗanyar gyaɗa warin ƙasa take yi kuma tana da ruwa ruwa a baki ba kamar soyayya ba da take rumus. Wani ya cika gidan taɓawa da ƙarangiya kaɗai, yadda ta maƙale masa a safa da yadda ta soke shi a yatsa da ya zo cirewa, har da "na ce wayyo a hankali don kar Malama ta ji". Raɓa ta jiƙa musu takalma, wannan ma ya shiga takarda. Ni dai tsaye nake ina dariya ni kaɗai kamar wata zautacciya.

Baba ma ya ba mu abin da babu a shafi 24 ɗin. Ya nuna musu gawon da ke bakin gonar ya ce ku duba, shi da damina tsirara yake ba ganye, sai yanzu da ruwa ya ɗauke yake fitar da sabo, kuka kuwa yanzu za ta fara zubar da nata. Wato bishiyarmu tana yin akasin abin da takardar ke koyarwa, yaran suka yi ta mamaki, rabin ajin a kan gawo suka yi aikin gida.

Da daɗin wannan na dawo har na fara cewa a raina toh kuɗin ya fita. Sai da na zauna zan yi maki na nemi takardar awon maki da aka ce tana ciki, babu ita. Shafi na 19 da na 20 abu ɗaya ne aka maimaita, misalan insha'in kuma Turancinsu ya fi ƙarfin ɗan aji huɗu namu, na gwada karanta musu ɗaya ba wanda ya gane sai kalmar kabewa da na fassara. Na tura mata saƙo cikin mutunci, na ce Hajiya kin ce an gyara shi ga shi ba a gyara ba, kuma shafi ɗaya babu. Ta buɗe ta karanta, yau kwana tara ba amsa, amma kullum tana ɗora sabon talla, yanzu ma na lokacin sanyi take tallatawa mai hoton dusar ƙanƙara. Shafi ɗaya na mora cikin 24, shi ma da rula da alli zan iya zana shi a allo, kuma kuɗin fotokwafin baƙin ganyen nan daga aljihuna ya fita, makaranta ta ce ba ita ta aike ni ba.