Kwamfuta mai rami biyu a shagon buga takardu

Kwamfutar da zan yi magana a kanta ƴar siririya ce mai inci 13, ta hannu, wadda na saya jaka 260 wajen wani mai kawo kaya daga Kano. Ramukan jikinta biyu ne, dukkansu USB-C, wato ƙaramin ramin nan irin na cajin sababbin wayoyi, sai ɗan ramin abin sauraro. Babu ramin kile (filas ɗin ajiye takardu) irin wanda muka saba, babu HDMI ko VGA masu kai hoto ga talabijin ko majigi, babu na igiyar intanet, babu na katin kyamara. Tun bara take aiki a shagona na buga takardu da ke Zango. A wajen wuta ban taɓa riƙe wadda ta kai ta ba. A wajen aikin shago kuwa, kamar makaho take, ba ta fita sai da ɗan jagora.

Bari in fara da wutar, domin ita ta sa na saye ta. Duk mutumin Damagaram ya san halin da ake shiga in bazara ta kama, Afrilu da Mayu, ga zafi ga ɗaukewar wuta. A da kowane kamfani da irin bakin cajarsa: na HP mai shuɗin tsini, na Lenovo mai rawaya mai kusurwa huɗu, na Dell daban. Cajarka ta ƙone, sai ka zaga kasuwar Dole kana gwada bakuna, in ba a dace ba ka jira a aiko daga Kano. Yanzu caja ɗaya mai wat 65 ke ci da kwamfutar da wayata da ta yaron shago. Abin da ya fi wannan daɗi, tana shan wuta daga fawa banki. A ɗauke wuta ina tsakiyar aiki, sai in jona in ci gaba. A gida kuma batirin sola mai bolt 12 nake haɗa wa ƴar cajar mota, ba ruwana da inbata da ƙararta. Sai dai a kula, ba kowane fawa banki ne ke iyawa ba. Na waya na gama-gari bolt 5 yake bayarwa, kwamfuta ko kallonsa ba za ta yi ba. A nemi wanda aka rubuta PD a jikinsa, mai ba da wat 45 zuwa sama. A wannan fanni ina goyon bayan rami ɗaya ga kowa da zuciya ɗaya, kuma ina ganin mu ya fi amfana a kan Turawan da suka ƙera shi.

Aikin shago ne ya nuna mini ɗaya fuskar. Yawancin masu shigo mini ɗaliban Jami'ar André Salifou ne da malaman lakwal da masu neman aiki, kuma kowa da kilensa a aljihu, mai faffaɗan baki irin na da. Firintata ma da irin wannan bakin take jonuwa, haka linzamin kwamfuta. Saboda haka dole na sayi adafta, jaka 12, ƴar ƙaramar gwangwani mai gajeriyar jela, da ramin kile uku da HDMI da na kati da wani rami da caji ke ratsawa. Tana aiki, ban ce ba ta yi ba. Amma duk harkar shagon yanzu a kan jelar nan take rataye, ita kuma jelar a kan ɗan ramin da faɗinsa bai kai santimita ɗaya ba.

Wata ɗaliba ta zo da kundin kammala karatunta, shafi sama da ɗari, tana son kwafi huɗu kafin azahar. Na jona kilenta a adafta, na jona firinta a gefensa, aka fara. Tana miƙa hannu ta ɗauki shafukan da suka fito, gefen mayafinta ya shafi adaftar. Ba ja ta yi ba, shafa ce kawai. Kwamfuta ta yi ƴar ƙarar nan ta cirewa, firinta ta tsaya da takarda rabi a bakinta, kile ya ɓace daga allo. Ta dafe ƙirji ta ce, “Baba, ba dai ya goge ba?” Na ce, “Kwantar da hankalinki ƴata, yana nan.” Yana nan ɗin, amma sai da muka lalubo shafin da aka tsaya muka sake turawa. A tsohuwar kwamfutata kowane abu da raminsa, in ɗaya ya motsa sauran ba su sani ba. A nan abu ɗaya ya girgiza, duka sun tafi tare. Daga ranar na ɗaure adaftar a jikin tebur da salatif. Kuma tana ɗaukar zafi sosai da rana, musamman in caji na bi ta cikinta, sannan tana riƙe wani kaso na wutar don kanta, har cajin kan yi sanyi in an cika mata kaya.

Majigi ma wani kuɗin ne. Ɗakunan taro da yawa a garin nan har yanzu majiginsu mai shuɗin bakin VGA ne, mai ƙafa 15, wanda IBM ta fito da shi tun 1987. In aka kira ni in haska takardu a wajen horo sai na riƙe adafta ta biyu, domin siginar VGA ta tsohon tsari ce, sai da ɗan injin juyi a cikin adaftar.

Masu ƙera kwamfuta suna cewa siranta jiki ne ya sa suka cire tsofaffin ramukan. A 2014 aka fitar da tsarin USB-C, a 2015 Apple ta fito da kwamfutarta MacBook mai ramin USB-C ɗaya tak, a 2016 ta kwashe sauran ramukan daga MacBook Pro, wasu kamfanoni suka bi sahu a manyan samfuransu. Na yarda da hujjar a kan VGA da ramin igiyar intanet, domin da gaske sun fi jikin irin wannan kwamfuta kauri. Ban yarda da ita a kan ramin kile ba. ThinkPad X1 Carbon ta Lenovo siririya ce, nauyinta kilo ɗaya da ƴan kai, ga ramin kile ga HDMI a jikinta. Ita kanta Apple a 2021 ta maido da HDMI da ramin kati a MacBook Pro. Ashe ana iyawa. Abin da ke ci mini rai shi ne kuɗin ramukan da aka cire bai ragu daga farashin kwamfuta ba, an dai tura mai saye ya je ya sayo su a waje, marasa ƙwari.

Abin da ya fi rikita mutane kuma, ramin iri ɗaya ne a ido amma aikinsa ba ɗaya ba. Wani USB-C yana caji yana kai hoto ga majigi, wani bayanai kawai yake ɗauka. Wani abokin sana'ata ya ari adaftata ya jona a tasa, kile ya yi aiki, HDMI shiru, domin ramin nasa ba ya fitar da hoto. Igiyoyin ma haka. Wadda ke zuwa da yawancin wayoyi gudun USB 2.0 gare ta, megabit 480 a daƙiƙa, ba ta kai hoto ko kaɗan, alhali mai sauri da ake kira Thunderbolt tana kai gigabit 40. Igiyar da ba ta da ɗan guntun lantarki a kanta ba ta wuce wat 60, ko da cajar ta fi haka ƙarfi. Ka ajiye su biyu a tebur ba ka bambance su. Mai shago a kasuwa ma sau da yawa bai sani ba, shi ma a kwali aka kawo masa. Ni dai na naɗa wa ta kirki jan zare don kada yara su musanya mini.

Sai ƙura. Cikin ramin akwai wani ɗan siririn harshe mai ɗauke da ƙafafu 24. Bayan hunturu igiya ta daina zama daram, caji ya riƙa zuwa yana yankewa. Na kai wa mai gyara. Ya kashe kwamfutar, ya haska tocilar wayarsa, ya fere tsinken sakace ya yi ta sakato wata dunƙulalliyar ƙura mai haɗe da zaren tufa daga gindin ramin. Ya ce, “Malam, kada ka bari a sa allura a nan. In harshen nan ya karye, a allon ciki yake liƙe, sai da injin iska mai zafi, kuma ba kowa ke taɓa shi ba.” A irin tawa haka yake, ko da yake ya ce akwai waɗanda raminsu ke kan ɗan allo daban da ake kwancewa. Kwamfutocin da, da yawansu bakin cajinsu a kan ƴar igiya yake, a cire a sa wani cikin rabin awa. Tun daga nan na sayi ƴan murafun roba ina toshe ramin da ba ya aiki.

Wannan tsari ba komawa baya zai yi ba. Tarayyar Turai ta wajabta cajin USB-C a kan wayoyi daga 28 ga Disamba 2024, kwamfutocin cinya kuma daga 28 ga Afrilu 2026, kuma kayan da suka gama yayi a can su ne ke iso mu bayan ƴan shekaru. Dokar caji kawai ta tilasta, ba ta ce a cire sauran ramuka ba. Wannan zaɓin kamfani ne.

Ga ɗalibi ko ma'aikacin da ke yawo ƙauyuka, wanda aikinsa rubutu ne da aika saƙo, wannan kwamfuta ta dace da shi, ga rashin nauyi ga sauƙin caji. Ga mai shago irina, ko malamin da ke haska darasi, shawarata ya nemi mai caji da USB-C wadda kuma ta bar ramin kile ko da ɗaya ne da HDMI. Akwai su da yawa cikin kayan ofis na hannu. In kuwa mai rami biyun ce ta kwanta maka, sa kuɗin adafta biyu a lissafi tun farko, ɗaya ta aiki ɗaya ta ajiya. Kuma kafin ka biya, gwada caji a kowane rami, ka sa a jona ta da talabijin ɗin shagon ka ga hoto da idonka, sannan ka girgiza igiyar a hankali ka ga ko tana yankewa.